Mita Ɗari Uku da Na Rufe Ido a Hanyar Damagaram

Assalamu alaikum, 'yan ajinmu.

Tun da na dawo daga Damagaram wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce, "Shatu, ya ƙasar waje?" Waccan ta ce, "Ina tsarabarmu?" Maryam har shago ta biyo ni, wai sai na ba ta labari tun daga tashi har sauka. Na fara, muryata ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda buga rubutu shi ne sana'ata, yatsu kuma ba sa shaƙewa kamar maƙogwaro. In kun ga labarin ya karkace a wani wuri ku yi mini uzuri, har yanzu ban gama dawowa daidai ba.

Waɗanda muka yi makarantar kwana tare sun san ni 'yar ruga ce a ƙasar Taura, kafin a kai Gujungu. Kun kuma san Baffana, wato mahaifina, ya rasu bara da kaka, wasunku har gaisuwa sun zo. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne yadda abin ya faru, kuma in ban faɗa ba, ba za ku gane wannan tafiyar ba.

Titin da ya taso daga Jahun, in ya kusa rugarmu, sai ya yi kwana a gindin wata tsohuwar tsamiya. Da ka gama kwanar, burtalinmu ya ratsa titin, wato hanyar da shanu ke bi zuwa fadama. Burtalin ya girmi kwalta nesa ba kusa ba, amma babu allo, babu wata alama. Abin da na tashi na ga ana yi shi ne, kafin shanu su tsallaka da hantsi, da kuma in za su dawo da la'asar, Baffa zai saro ɗanyen reshen sabara ya ajiye tsibi uku a bakin kwalta tun kafin kwanar, taku hamsin tsakanin kowane tsibi. Ni ce mai riƙe masa rassan tun ban kai tsayin sandarsa ba. Yakan ce, "Shatu, ganye ba shi da baki, amma tsofaffin direbobi suna jin maganarsa." Haka ne kuwa. Za ka ji mota ta taho a guje, da ta kai tsibin farko sai kukanta ya sauya.

Direban da ya zo ranar sabon hannu ne, a birni ya koya. Daga baya yana kuka yana rantsuwa cewa shi ya ɗauka ganyen daga wata mota ya zubo. Baffa yana gaban garke. Ni ina tsaye a gindin tsamiyar da ƙwaryar furarsa a hannu. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Bayan sadakar arba'in na taho Dutse wajen Goggo, na samu aiki a shagon buga takardu. Ban sake komawa gida ba. Dada, kakata wadda ta haifi Baffa, ba ta taɓa aiko mini da faɗa ba. Sai dai in masu kawo nono sun shigo gari su ce, "Dada ta ce a gaya miki tsamiya ta yi 'ya'ya." In ce to. Su tafi.

To, a shagon nan na haɗu da Anti Rabi. Injiniya ce, takan kawo takardu a buga mata. Wata rana ta tsaya tana kallon yatsuna, ta ce, "Ke 'yar ina ce?" Na ce Taura. Ta ce, "Alhamdulillahi, nema ya ƙare." Wai suna aiki da wata makarantar koyon tuƙi da ta sayi na'ura. Kujerar mota ce sosai, da sitiyari da birki da totur, amma maimakon gilashi, manyan alluna uku ne irin na talabijin a gabanka. Kana tuƙi titi na tahowa, in ka yi karo babu wanda ya ji ciwo. Matsalar ita ce titunan da ke cikin na'urar duk na ƙasashen Turawa ne, ga layi fes, ga danja ko'ina. Wanda ya koya a kansu in ya fito hanyar Gujungu ranar kasuwa sai ya rasa gabas. Saboda haka za su bi titinmu daga Dutse har Maigatari su rubuta shi a fayil.

Na ce, "Anti, ana rubuta titi ne?"

Ta yi dariya. Ta ce akwai wani tsari buɗaɗɗe da ake rubuta hanyoyi da shi, ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, kowa na iya karanta ƙa'idarsa, kuma na'urori iri-iri suna gane shi. Ana ɗaukar titi kamar zare ɗaya dogo daga farko zuwa ƙarshe. Komai kuma ana faɗin a mita na nawa yake, a dama ko a hagu: nan ya miƙe, nan ya lanƙwasa, nan ya hau, nan kwalbati, nan allo.

Na ce, "Ashe dangwali ne." Ta ce mene ne dangwali? Na ce igiyar da muke ɗaure 'yan maruƙa, doguwa ɗaya, kowane ɗan maraƙi da madaurinsa, ba mai shiga na wani. Ta tafa hannu ta ce wallahi duk shekarun da ta yi tana karatu ba wanda ya yi mata bayani mai kyau haka.

Aikina shi ne in zauna a baya da kwamfutar hannu. Kyamarar da ke kan mota ita za ta zana tsawon titi da lanƙwasarsa, ni kuma duk abin da na gani ko na sani a gefen hanya in danna in rubuta sunansa. In mun gama za mu wuce Damagaram, don wata makaranta a can tana da na'ura ƙirar wani kamfani daban, ana so a ga ko fayil ɗinmu zai buɗu a cikinta. Su ma suna buƙatarsa, don direbobinsu na cin kasuwar Gujungu duk mako.

Na san titin ta ƙofar gidanmu zai bi. Na sani sarai. Amma Goggo ta ce, "Je ki, 'yar nan. Har yaushe za ki yi ta zagaye?" Na ce wa kaina ai wucewa kawai za mu yi.

Direbanmu Baba Modu ne, wani dattijo Babarbare mai furfura a gemu. Da ya gan ni sai ya ce, "Hajiya, wannan baiwar tawa kika ɗauko? Fillo da kwamfuta? Kada ta tatse ta fa."

Na ce, "Baba, ai zanen fuskarka ma mu muka yi maka don kada ka ɓace mana a kasuwa."

Ya yi ta dariya har da buga sitiyari. Daga nan muka shirya. Allah Ya saka masa, da ba don bakinsa ba da ban kai Kiyawa ba.

Mun bar Dutse da safe muna tafiya kamar masu rakiyar amarya, don kyamara ba ta son gudu. Masu adaidaita sahu na ta yi mana oda, wani ya leƙo ya ce, "Baba, in koyo kake ka tafi fili mana!" Ni kuwa ina ta dannawa. Allo, dama. Kwalbati. Masallaci, hagu. Kunyar da mutanen gari suka yi a kan kwalta don a rage gudu. A wani ƙauye na rubuta rami, Baba Modu ya ce, "Goge, wannan ba rami ba ne, rijiya ce, ki sa guga." A Jahun muka tsaya muka sayi rake da dafaffiyar gyaɗa. Wata tsohuwa mai gyaɗar ta kalli abin da ke kan motar ta ce, "'Ya'yan nan, ruwa kuke nema a ƙasa?" Anti Rabi ta ce a'a, hanya muke rubutawa. Ta ce, "To ku rubuta ta cinye mini akuya biyu."

Muna barin Jahun na fara gane itatuwa. Kun san yadda mutum ke gane muryar 'yan gidansu tun daga zaure? Haka. Ga kukar da muke hutawa in mun dawo daga tallan nono ni da Inna kafin ta rasu. Ga gonar da na taɓa sakin ɗan maraƙi ya shiga, Baffa ya biya mai gonar da haƙuri da kwalbar man shanu, bai ko harare ni ba. Iska ta shigo ta taga da ƙanshin sabara. Tafin hannuna ya jiƙe har kwamfutar na zamewa.

Na hango kan tsamiyar. Sai na rufe ido.

Ban yi niyya ba wallahi. Na sunkuyar da kai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina jin motar tana karkata, tana karkata, sannan ta miƙe. Rana ta take tsaka, lokacin shanu na fadama, babu ganye a hanya, babu kowa. Da na buɗe ido har mun wuce.

Anti Rabi ta waiwayo daga gaba. "Shatu, na ji shiru. Babu komai a nan?"

Na ce, "Babu, Anti."

A Gumel muka yada zango gidan wata ƙawarta, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa irin wadda na yi kewa. Da safe kafin mu tashi ta buɗe mini fayil ɗin in gani. Rubutu ne zalla, layi bayan layi, lambobi da sunaye, har da "rijiyar" Baba Modu. Ta gangara ƙasa ta ce, "Kin ga nan, kwana ce mai kyau, mita ɗari uku babu ko tsinke." Na ce eh. Na ajiye shayin da ke hannuna ban shanye ba.

A Maigatari muka gama awo, muka nufi iyaka. Ni da na ɗauka zan ga katanga da ƙofa, sai na tarar da sanda a gicciye da rumfa, ga raƙuma suna wucewa ta gefe abinsu ba mai tambayarsu takarda. Namu jami'an suka duba takardunmu da katin rigakafi suka buga hatimi. A ɗaya ɓangaren jandarma suka zagaye motar suna kallon kyamara. Babbansu ya ce cikin ladabi ba a shiga da ita ido buɗe, sai a kashe a kuma rufe. Muka rasa abin rufewa. Ƙarshe ɗankwalina na atamfa na ciro daga jaka, Baba Modu ya hau ya ɗaura mata, har da ture ka-ga-tsiya. Jandarman ya ja da baya ya ce, "To, amarya ta yi kyau, ku wuce." Haka muka shiga ƙasar mutane da mota mai ɗaurin kai.

Muna tsallakawa layin wayata ya ɗauke. Hausar ce dai, amma da gishirin Faransanci. Makaranta lakwal, malami mushe, lasin tuƙi farmi, ɗan acaɓa kuwa kabu-kabu. A Magarya Baba Modu ya tambayi wani ina gidan mai, ya amsa masa da kalmomi uku da ba mu gane ko ɗaya ba, sai da ya nuna da hannu. Baba Modu ya ce, "Fillo, fassara mana, ai ku ne 'yan daji." Na ce, "Baba, ni dajin Najeriya na karanta."

Mai makarantar a Damagaram sunansa Mushe Isa, dogo siriri mai tabarau, ya ƙi yarda mu sauka a masauki. Gidansa ya kai mu, matarsa Madam Zinaru ta ba ni ɗaki ɗaya da 'yarta. Karin kumallonsu burodi ne dogo kamar sandar kiwo, mai tauri, in ka gatsa sai ya yi ƙara. Na nemi in tsoma a shayi, 'yar ta kalle ni kamar na yi saɓo. Shayin kuma ba irin namu na kofi cike da madara ba ne. Ɗan mitsitsi ne a ƙaramin gilashi, sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Da azahar gari ke mutuwa, kowa ya rufe shago ya kwanta, sai la'asar a farfaɗo. Amma kilishinsu, 'yan uwa, ku yafe mini, ya fi namu. Furarsu kuwa da cuku da dabino ake damawa. Na kai ludayi ɗaya baki sai na ajiye, don rabona da fura tun ranar nan. Madam Zinaru ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai ɗauke ƙwaryar ta kawo mini dambu.

Kashegari da hantsi aka tafi gwaji. Anti Rabi ta ba Mushe Isa fayil ɗin a ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba. Na'urarsu ta yi ɗan tunani, sai ga shataletalen fita Dutse a allo. Anti Rabi ta yi kabbara, Baba Modu ya ce, "Kai! Ga inda ɗan adaidaita ya zage ni!" Ba a canza ko harafi ba, abin da aka rubuta a Jigawa ya buɗu a Damagaram.

Wanda aka zaunar ya tuƙa wani magidanci ne, Malam Lawali. Shekara goma yana kabu-kabu, yanzu ya samu mai ba shi motar kaya, da ya karɓi farmi zai fara kai albasa Gujungu har zuwa Dutse. Mutum mai fara'a, yana tuƙi yana ba mu labarin 'ya'yansa mata uku. Ya wuce Kiyawa, ya kauce wa rijiyar Baba Modu aka yi masa tafi. Aka tsallake da shi zuwa bayan Jahun. Ina tsaye a bayansa da tiren shayi, Madam Zinaru ta aiko in miƙa.

Sai ga kwanarmu.

Ita ce, lanƙwasarta ce, kyamara ba ta yi ƙarya ba. Amma an aske ta. Babu tsamiya, babu burtali, babu komai, fili fetal kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Malam Lawali ya ga hanya ta yi kyau ya ƙara taka totur. Allura ta haura tamanin, ta doshi casa'in. Mushe Isa yana cewa, "Madalla, haka ake shan kwana."

Ban san lokacin da na saki tiren ba. "Birki! Birki! Shanu! Baffa!"

Gilasai suka tarwatse. Malam Lawali ya daka birki har kujerar ta yi ƙara, ya waiwayo a firgice yana duba ƙasa ko wani abu ya taka. Ni kuwa na durƙushe. A allo babu komai sai kwalta.

Da na samu numfashi na gaya musu duka. Tsamiya, burtali, ganye, Baffa, da ƙaryar da na yi.

Anti Rabi ba ta rarrashe ni ba da farko. Ta ce, "Shatu, kin san jibi zan ɗora fayil ɗin nan inda kowa zai ɗauka kyauta? Duk makarantar da ta sauke shi, haka za ta koya wa mutane su sha kwanar nan." Na ce na sani. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ni, da leshinta da komai, ta ce, "Ni ma da laifina. Na ɗauko 'yar gari don ta san abin da kyamara ba ta gani, ban tambaye ta abin da ta gani ba."

Malam Lawali ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Ya ce, "Ƙanwata, mu nan in mun ga ganye, mota ce ta lalace a gaba, sai mu kauce mu wuce. Wallahi da kaucewa zan yi, ba tsayawa ba." Ya sake cewa, "Da kaucewa zan yi."

Aka shiga shawarar yadda za a rubuta. Anti Rabi ta ce tsarin yana da wurin allo, da wurin itace, da wurin tsallakawar masu ƙafa, amma waɗanda suka tsara shi ba su san ganye ba. Shanu kuma ba sa shiga wannan fayil ɗin, shi na abin da ba ya motsi ne, masu motsi nasu daban.

Na ce, "Anti, burtali ba ya motsi. Titin ne ya zo ya same shi."

Ta kalle ni, ta jawo kwamfuta. Ta ce za ta rubuta shi a matsayin mashigar tsallakawa, ganyen kuma abin da aka ajiye a gefen hanya, ta yi bayaninsa a gurbin da tsarin ya bari don abin da masu shi ba su hango ba. Ta gwada. Na'urar Mushe Isa ba ta san sabara ba, sai ta fito da fararen akwatuna uku a bakin titi. Baba Modu ya ce, "To, ga lefen amaryar da muka ɗaura wa ɗankwali." Har ni sai da na yi dariya da hawaye a fuska. Mushe Isa ya ce wannan mai sauƙi ne, zai ɗauki hoton sabara ya tufatar da akwatunan, ya kuma sa garke ya riƙa fitowa.

Na ɗauka an gama. Sai Anti Rabi ta goge abin da ta rubuta. Ta ce, "Wannan ƙiyasi ne. In na sa burtali gaba da inda yake da mita talatin, na koya wa Malam Lawali ya taka birki a kan shanu. Sai an je an taka da ƙafa. Kuma ke kaɗai kika san inda Baffanki ke ajiye ganyen."

Tafiyar dawowa ban san me na gani ba. Na san an kwance wa kyamara ɗankwali a iyaka, na san layin wayata ya dawo da saƙonninku rututu. Baba Modu bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, wannan ma ya ƙara tsorata ni.

Mun iso da la'asar. Ya gangara gefe nesa da kwanar ya kashe mota. Ina zaune ƙofa a buɗe, sai na hango wata tsohuwa ta fito daga cikin sabara, a duƙe, tana jan rassa a ƙasa don ba ta iya ɗagawa. Ta ajiye tsibi a bakin kwalta, ta miƙe da ƙyar, ta fara taku tana ƙirgawa.

Dada ce. Ashe tun ranar, da yake mazan gidanmu na bayan garke, ita ke sa ganyen safe da yamma. Ba wanda ya gaya mini.

Ban san yadda na isa wurinta ba. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "A'a. Baƙi muka yi?" Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da Fillanci, "Jam. Tashi, riƙe nan," ta miƙo mini rassan kamar jiya na bar gida.

Anti Rabi ta kawo wata 'yar taya mai sanda da ke ƙirga mita. Na yi wa Dada bayani da Fillanci iya yadda zan iya. Ta ce, "Wato direbobi za su gan shi tun suna gida?" Na ce eh. Ta ce, "To auna da kyau. Takuna ya gajarce, ba kamar na wancan ba. Nasa za ki sa." Ta nuna mini duwatsun da Baffa ya binne a gefen hanya don alama, ni ban ma san da su ba. Na tura tayar daga dutse zuwa dutse, Dada na riƙe da bakin mayafina. Taku hamsin na Baffa ya zama mita arba'in da ɗaya. Muka auna tsamiya. Muka auna bakin burtali da faɗinsa.

Muna tsakiyar haka na ji babbar mota ta taho daga Jahun. Na saki sandar na tsuguna na toshe kunne. Dada ta ja mayafina ta ce, "Buɗe kunnenki. Saurara." Na saurara. Kukan injin ya sauya, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa. Direban ya ɗaga mana hannu ya tsaya cik, shanunmu suka fito daga fadama suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, har da jar saniyar da aka ba ni ranar da na gama firamare. Ta yi ɗa ban sani ba.

Anti Rabi ta ɗora kwamfuta a kan bonet tana shigar da lambobin. Ta ce, "Saura abu ɗaya. Kowane abu a fayil yana da gurbin suna. Me za a kira mashigar nan?"

Na fassara wa Dada. Ku da ba Fulani ba sai na yi muku bayani: Baffa ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan" ko "mai shanun nan". Ranar da aka kai shi makwancinsa ma ba wanda ya ga hawayenta. Na ɗauka za ta ce a sa Kwanar Tsamiya.

Ta daɗe tana kallon shanun. Sannan ta ce, "Abin nan, in an rubuta, har ina ake gani?"

Na ce, "Har Damagaram, Dada. Har inda ban sani ba. Duk wanda ya buɗe."

Ta gyara ɗaurin zanenta. Ta ce, "Ni dai bakina bai iya ba. Ke da kika yi boko, rubuta nasa."

Anti Rabi ta matsa ta ba ni wuri. Yatsun nan nawa da ke buga shafi guda ba kuskure, sai da na goge sau uku.

Kwana biyu na yi a gida. Na sha fura. Har yanzu in adaidaita ta taka birki da ƙarfi a Dutse sai na riƙe ƙarfe, kuma ba na jin wannan zai bar ni nan kusa. Shekaranjiya Mushe Isa ya turo wa Anti Rabi ɗan bidiyo: ga sabara a allo, kore shar, Malam Lawali ya ɗaga ƙafa tun daga tsibin farko yana cewa, "Na ji, na ji." Juma'a mai zuwa zan koma, na gaya wa Dada ta bar mini sa ganyen yamma.

Tsarabarku tsamiya ce, tana wajen Goggo, kowa ta zo ta ɗiba. Sunan kuwa kada ku tambaye ni, ni ma 'yarsa ce, ba zan kira shi a nan ba. Mai son sani ta buɗe fayil ɗin, ai a buɗe yake. Ta kama igiyar daga Dutse ta bi ta a hankali, ta wuce Kiyawa, ta wuce Jahun. Yana nan a madaurinsa, gaba kaɗan da ganye na uku.

Wassalam. Taku, Shatu.